Shekarar da Aka Dakatar da Ni Kan Sirrin Maman Ishaku

Na san dukanku kun ji cewa an taɓa dakatar da ni daga aiki, na kuma san yadda aka ba ku labarin. Sadiya a gidan suna aka faɗa mata, a gaban dangin mijinta, wai uwarta ce ta tona asirin wata marar lafiya. Ta zo gida idonta jajur ta tambaye ni me ya hana ni fitowa in wanke kaina, na ce ta yi haƙuri, ban ƙara mata komai ba. Amsa ina da ita. Amma maganar ta shafi jikin wata baiwar Allah, kuma ba zan wanke kaina da sirrinta ba, ko da rabin unguwa ta riga ta ji. Sai bana da na fara wannan rubutu na je na zauna da ita, na ce ina son 'ya'yana su san gaskiya, ina neman izininta. Ta yi dariya ta ce:

"Matiron, rubuta. Ki sa sunana, ki sa sunan ciwon ma. Abin da na ƙi shi ne wani ya faɗa ban sa shi ba."

Asibitin da na yi wa aiki a matsayin Matiron, wato shugabar nas-nas, na kuɗi ne, a Tarauni yake, ba sai na faɗi sunansa ba. Mai shi kun san shi, shi ne kuke kira Baba Dakta. Tare muka fara tun asibitin yana gidan haya, ni na riƙa jan katifu ina share ɗakuna kafin a samu leburori. Yaya yake ce mini, ni kuma ban taɓa jin nauyin faɗa masa gaskiya ba. Da asibitin ya girma sai katunan marasa lafiya suka yi mana yawa. Wani ya ɓace, wani ɓera ya ci gefensa, wani ruwan damina ya shiga ɗakin ajiya ya jiƙa shi, mutum ya zo da ciwo a shafe rabin yini ana neman fayil ɗinsa. Shi ya sa da Dakta ya kawo na'urorin nan da ake kira tablet, masu kama da babbar waya, ni ma na yi murna. Ka taɓa sunan mutum, tarihinsa duka ya fito, gwajinsa da maganinsa da ranar da zai dawo. Abu guda ne ya tsaya mini a rai. Waɗanda suka haɗa mana su lambar sirri ɗaya suka sa wa kowa, daga likita har mai ba da kati, wata nas kuma don kada a manta ta rubuta lambar a filasta ta liƙa a bayan kowace. Haka ake barin su a kan tebur a buɗe, a daidai inda 'yan dubiya suke tsayawa suna tambaya. Na yi magana a taron ma'aikata, Dakta ya ce:

"Yaya, a bari hannunmu ya saba tukuna. Sannu a hankali za a gyara."

Maman Ishaku 'yar kudancin Kaduna ce. Aikin gwamnati ya kawo mijinta Kano, da ya rasu ba ta koma gida ba, ta kafa rumfar abinci a bakin titi a Gyadi-Gyadi, da ita ta yi wa 'ya'yanta makaranta. Masu adaidaita sahu da kanikawa da ma'aikatanmu duk wajenta suke cin abincin rana. Faten accanta kuwa, in azahar ta wuce ba ka je ba, sai dai ka ji labari. Ta zo mana da yawan kasala, aka yi gwaji aka ga ciwon hanta ne, irin wanda ake ɗauka ta jini. Ba a ɗaukarsa ta abinci ko gumi ko haɗa kwano, amma mutanenmu ba haka suka ɗauka ba. Likita ya sa ta a magani, ta koma bakin tukunyarta, ba wanda ya sani sai ɗanta Ishaku da matarsa.

Wata safiya ina shirin fita aiki, maƙwabciyarmu a nan Darmanawa ta leƙo da wayarta a hannu.

"Hajiya, wannan ba asibitinku ba ne? Tun jiya yake yawo a guruf ɗin matan unguwa."

Hoton fuskar tablet ne. Ga sunan Maman Ishaku cikakke, ga shekarunta, ga sakamakon gwajin, a ƙasa kuma wani ya rubuta cewa masu cin abinci a rumfar nan su yi ta kansu. A gefen hoton na hango ɓarin tebur mai koren fenti da ya ɓare a kusurwa. Teburin ɗakin mata ne, inda nake zama kullum. Na zauna a bakin gado da mayafina a hannu.

Ban bi ta ɗakin mata ba, ofishin Dakta na nufa. Ya duba hoton, sannan ya kira mutumin da ya haɗa mana na'urorin a waya, ya tambaye shi ko za a iya gane wanda ya buɗe sunan. Mutumin ya ce tunda lamba ɗaya kowa yake shiga da ita, na'urar ba ta san wani da wani ba. Ma'aikaci ne ya ɗauka, ko ɗan dubiya ne ya ga an bar ta a buɗe, babu hanyar sani. Dakta ya ajiye wayar ya ce mini:

"Yaya, idan an tambaya, ba daga wajenmu ya fita ba. Kwana biyu maganar za ta mutu."

"Dakta, teburina ne a hoton."

"Ke kaɗai kika san teburin. Ki duba mutanen da suke ci a ƙarƙashin asibitin nan. Ranar da muka amsa laifin nan da bakinmu, ranar za a daina zuwa mana."

Na ce masa abu biyu nake roƙo. A tattara na'urorin a kulle har sai kowa ya samu tasa lambar, sannan mu je mu faɗa wa matar nan gaskiya mu ba ta haƙuri. Na farkon ya ce zai duba. Na biyun ya ce bai yarda ba, kuma a matsayinsa na mai asibiti ya hana ni zuwa. Ba na son ku ɗauke shi mugu. Mutum ne da ya yi wa marasa ƙarfi aiki kyauta ba adadi. Tsoro ne ya kama shi, kuma abin da yake tsoron ba ƙarya ba ne.

Da yamma na baje maganar a tsakar gida. Sadiya ta zo yini a ranar, tana goye da ɗanta na fari. Ita ta fara magana, kuma na san don ƙaunata ta yi.

"Mama, saura kaɗan ki yi ritaya. Ba ke kika ɗauki hoton ba. Don Allah ki bari ki fita da mutuncinki."

Mahaifinku yana kan tabarmarsa yana gyaran rediyon nan tasa da ba ta taɓa gyaruwa ba. Kun san shi, shekarun da ya yi yana koyarwa sun sa ba ya ba mutum amsa sai dai ya yi masa tambaya. Bai ɗago kai ba ya ce:

"Hajiya, da a ce hoton nawa ne, Dakta ya sani, ke ma kin sani, me za ki so a yi mini?"

Na ce zan so a faɗa masa.

"To, ni ban ce komai ba," in ji shi, ya ci gaba da murɗa rediyonsa.

Washegari da rana tsaka na hau adaidaita zuwa Gyadi-Gyadi, da fararen kayan aikina a jikina. Lokacin da rumfar ta saba cika har wasu su ci a tsaye, na tarar babu kowa a kan bencinan. Tukwane cike, murfi a rufe, Maman Ishaku na zaune tana korar ƙuda da mafici. Na gaishe ta, na zauna kusa da ita, na ce mata hoton nan daga asibitinmu ya fita, daga kan teburina, ba mu san wanda ya ɗauka ba, amma sakacinmu ne, kuma na zo in ba ta haƙuri. Ta dube ni, maficin ya faɗi daga hannunta. Na zaci zagina za ta yi. Sai ta ɗora hannu biyu a ka.

"Wayyo Allah, Matiron. Ashe na zalunci yarinyar nan."

A nan na ji abin da ban sani ba. Ita ba ta ga hoton ba, wayarta ƙarama ce, labari kawai ta ji cewa an san ciwonta. Tunda daga Ishaku sai matarsa ne suka sani, ta ɗora wa matar laifi. Ta faɗa mata maganganu masu zafi, yarinyar ta rantse ta yi kuka, ƙarshe ta kwashe kayanta ta tafi gidan yayarta a Hotoro da ciki tsoho. Ishaku ya rasa bayan wa zai bi. Da na bi maganar Dakta na yi shiru, da auren nan ya mutu a kan laifin da aka yi a teburina. A gabana Maman Ishaku ta kira ɗanta ta ce ya zo su je biko a ranar. Da ta gama na ce ta zuba mini fate. Ta ce in bari, kada mutane su ce wani abu. Na ce ai don su gani na zo da kayan aiki. Na zauna a bencin da ya fi kusa da titi na cinye tas, kanikawan da ke tsallake suna leƙena.

Kafin in koma asibiti labari ya riga ni. Dakta bai ɗaga murya ba. Ya ce na saɓa umarninsa, in je gida in huta sai ya neme ni. Na cire hular aikina na fita ta ƙofar da na shafe shekaru ina shiga, ba nas ɗin da ta iya haɗa ido da ni. Daga nan maganar ta juye. Mutane suka haɗa biyu da biyu: an ga Matiron ta je ba da haƙuri, an kuma dakatar da ita, to ita ce ta yi. Wannan ita ce maganar da ta kai gidan surukan Sadiya. A masallacin unguwa wani ya yi wa mahaifinku jaje. Matan da suka saba kawo mini 'ya'yansu in duba musu zazzaɓi suka ɗauke ƙafa. Wannan ya fi dakatarwar yi mini ciwo.

Damina guda na yi a gida. Ban zauna ina kuka ba. Kullum da azahar ni da mahaifinku mukan tafi rumfar Maman Ishaku mu ci abinci, har ya riƙa cewa bai taɓa jin daɗin hukuncin da aka yi wa wani irin wannan ba. Ita da bakinta ta ce in wani ya tambaya in yi masa bayanin ciwon, tunda dai an riga an sani, gara a san daidai. Masu adaidaita suka fara tsayawa daga nesa suna tambaya. Wani dattijo a cikinsu ya ce mini:

"Hajiya, tsakaninki da Allah, ba a ɗauka a cokali?"

Na ce ga mijina nan yana lashe nasa, ya tambaye shi. Aka yi dariya, dattijon ya zauna ya ce a zuba masa. Haka suka riƙa dawowa ɗaya bayan ɗaya, amma da yawa ba su dawo ba.

Shi kuwa Ishaku, malamin sakandare ne, ransa ya ɓaci ƙwarai. Ya samo wani lauya ɗan cocinsu, lauyan ya ce dokar ƙasa ta hana asibiti sakin bayanin marar lafiya ba da yardarsa ba, ta kuma wajabta masa tsare shi, ko a takarda yake ko a na'ura. Ya ce in suka je kotu suna da hujja mai ƙarfi. Aka sanar da Dakta, ya nemi a zauna. Maman Ishaku ta ce ba za ta shiga ofishin ba sai da ni. Haka na koma asibitin a karon farko, da atamfa da mayafi kamar 'yar rakiya. Lauya ya fara jawabinsa, ta ɗaga masa hannu ta ce ya dakata, ta juya wajen Dakta.

"Likita, ni ba kotu nake so ba. Kai ka yi wa mijina jinya har ya cika, ban manta ba. Amma abin da aka yi mini, gobe wata za a yi wa, wata kuma ba za ta iya ɗauka ba. Ka dawo da Matiron, ka ba ta ikon gyara abin nan yadda ta ce tun farko. Ka tara ma'aikatanka ka faɗa musu ba ita ta yi ba. Sannan ka zo rumfata da rana, da farar rigarka, ka ci abincina mutane su gani. In ka yi waɗannan, na yafe."

Dakta ya cire tabarau ya murza idonsa. Sannan ya ce ya amince, ya kuma ba ta haƙuri da bakinsa, a gaban ɗanta.

Ranar da ya je ba shi kaɗai ya je ba. Ya kwashi likitoci da nas-nas a motar asibiti, aka tsaya a bakin titin Gyadi-Gyadi, fararen riguna suka cika bencinan har wasu suka zauna a kan buloli. Kanikawa suka bar aiki suka tsallako kallo, daga kallo suka ce su ma a zuba musu. Matar Ishaku ce take miƙa kwanuka, da jaririyarta a baya. Kafin la'asar an kankare tukwane. Maman Ishaku ta tsaya a tsakiyar rumfa tana share hawaye da gefen zane tana dariya, tana cewa gobe kowa ya zo da wuri. Wani ya ɗauki hoton Dakta da loma a hannu, shi ma hoton ya zaga unguwa kamar wancan.

Na koma aiki na ɗaura ɗamara. Aka ɓare filastocin nan, kowane ma'aikaci ya samu lambarsa, kuma duk sunan da ka buɗe na'urar tana riƙe da shaidar kai ka buɗe. Mai ba da kati, sunan mutum da ranar dawowarsa kawai yake gani, sakamakon gwaji sai mai jinyar mutum. In ka ajiye tablet ka juya baya, sai ta kulle kanta. Na sa aka juya tebura, fuskar na'ura ta daina kallon 'yan dubiya, na hana ɗaga waya a kusa da ita, na kuma hana kiran sunan ciwo da ƙarfi a baranda. Ba a sha da daɗi ba. 'Yan matan nas-nas suka riƙa gunaguni wai na ƙara musu aiki. Maza suka riƙa zuwa suna buga tebur a nuna musu gwajin matansu, mu ce sai matar ta yarda. Wani babban Alhaji ya zo neman sakamakon direbansa, wai shi ya kawo shi, na ce ranka ya daɗe, kai ka kawo shi amma jinin nasa ne. Ya fita yana cewa ba zai sake taka asibitin ba. Bayan 'yan watanni da nasa ciwon ya tashi, wajenmu ya zo, ya ce ya lura a nan ne ba a magana. Abin da Dakta ya ji tsoro bai faru ba. Mata suka riƙa tahowa daga Babban Giji da Hotoro saboda sun ji ana rufa asiri, wasu ƙananan asibitoci kuma suka riƙa turo ma'aikatansu in nuna musu yadda muka tsara.

Amma kada ku zaci ban biya komai ba. Dakta ya cika alkawari, ya wanke ni a gaban ma'aikata, sai dai wankin bai kai duk inda ƙazafin ya kai ba, shi ya sa har yau ake faɗa muku. Bai sake ce mini Yaya ba, Matiron yake cewa, cikin girmamawa, har na yi ritaya. Wanda ya ɗauki hoton kuwa ba a taɓa gano shi ba. Ina da zato, amma zato ne, ba zan rubuta shi ba.

Bara da hawan jini ya kwantar da mahaifinku, can muka kai shi. Wata sabuwar nas mai suna Godiya, wadda ba ta zo ba sai bayan na bar aiki, ta shigo da tablet tana duba sakamakonsa. Hannuna ya saba, na miƙa in karɓa. Yarinyar ta rungume ta a ƙirji ta ɗan rusuna.

"Ki yi haƙuri Mama, sai Baba ya ce a nuna miki. Dokar asibitin nan ce."

Na tambaye ta ko ta san wanda ya kafa dokar. Ta ce an ce wata tsohuwar Matiron ce, mai tsanani sosai. Mahaifinku yana kwance da ƙarin ruwa a hannu, ya yi dariya har sai da na tashi na riƙe masa robar. Godiya ta tambaye shi ko ya yarda a nuna wa matarsa. Ya dube ni, ya gyara kwanciya, ya ce:

"'Yata, ba ni zuwa gobe. Zan yi shawara."